Gangar Noman Lado

Rano, Yuli 2004

Zuwa ga Kawu Malam Datti, Kahu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai, da Gwaggo Ramlatu. Yaya gwiwar nan taka da sanyin damina? Ni lafiya ƙalau, in ban da mura da ta kama ni ta ƙi saki.

Na san labari ya riga ni isowa: Zakiyyu ya rufe rumfar gyaran rediyonsa a kasuwar Kibiya ya bi makaɗa. Gaskiya ne. Amma ka ji daga bakina kafin masu ƙarin gishiri su ɓata miyar.

Wata 'yar nan Rano ce, Malama Lubabatu. Ta yi aiki a gidan rediyo, ta je waje ta karanci kiɗa, ta dawo ta karɓi aron tsohon siton gyaɗa da ke gindin dutse ta tara mu. Mu goma sha wani abu ne, daga Kano da Jos da Damagaram. Za mu zauna wuri ɗaya har tsakiyar Agusta mu ƙirƙiri kiɗan da kunne bai taɓa ji ba, ranar rufewa baƙi su zo daga Kano su saurara, a ɗauka a kaset. Dokarta ta farko, ba a fita. Wanda ya fita ya fita ke nan. Kafin ka tambaya, masaukin mata daban, ba rawa, ba a wuce lokacin salla, kuma sai da ta bi malaman unguwa ɗaya bayan ɗaya ta yi musu bayani kafin ta buɗe ƙofa.

Kawu, ka san ba na yabon mutum, da tsiya aka yanke mini cibiya. Amma ban taɓa ganin irin matar nan ba. Ranar farko ta raba kowa da kayansa. Ishiyaku, wani mai fiyano daga situdiyo a Kano, mai takalmi kamar kwalekwale, ta miƙa masa turmi da taɓarya. Gwadabe mai gurmi, wanda ya yi furfura yana bin 'yan siyasa da kirari, ta hana shi ambaton sunan kowa. Ta ce a nan ba a yabo, ba a roƙo, sauti kawai muke nema. Gwadabe ya tambaya to in ba a yabi kowa ba me za a ci, ta ce ai shi ya sa yake ganin wake da shinkafa safe da yamma.

Makon farko yawo muka yi da rikoda, muna sauraron injin niƙa da maƙera da kwaɗin kududdufi. Yanzu Gwadabe ya cusa tsinken ashana tsakanin tsirkiyoyinsa, gurmin yana kuka kamar ƙofar da ta shekara a rufe, wani Bafulatani mai sarewa yana binsa a hankali a hankali, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Ni kuma na ciro bakin tsohuwar wayar tarho na manna a ƙwarya na kifa a kan gidan tururuwa. Ashe tururuwa akwai surutu. Ni da na koyi boko a jikin gwangwanin madara da jaridar ƙunshin tsire, yau ga ni da masu digiri muna karo da goshi a kan ƙwarya ɗaya, ba wanda ya tambayi takardar wani.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. A tsakiyar babban kiɗan rufewa akwai gurbin da Malama ta bar mini. Ta tambaye ni sautin da ya fi zama a ƙirjina, na ce gangar noman Kawu Lado. Ka san a bayan yayan nan naka na tashi, gona-gona, kuma ka sha jin ya ce hannuna ne zai gaje ta. Tun rasuwarsa bara tana rataye a zaurenka, ba ta ce uffan ba. Ina roƙo ka ba Muhammad Sani direba ita ranar kasuwa ya kawo mini. Kakata da mahaifiyarku nono ɗaya suka sha, ban taɓa neman cin albarkacin wannan ba sai yau.

Naka,
Zakiyyu

*

Kahu, ranar kasuwa

Zuwa ga ɗana Zakiyyu.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode wa Allah da jin lafiyarka. Mura kuwa ka nemi citta da kanumfari. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Ramlatu tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko tururuwan sun ambaci inda suke kai mata gero.

Batun ganga, ba za ta zo ba. Ba a kaɗa gangar Yaya Lado a irin wurin da kuke. Muhammad Sani ya tayar da mota yana ta danna mini ham, rubutuna na boko kuma ka san tafiyar hawainiya yake yi. Cikakken bayani yana biye.

Allah ya yi maka albarka.
Datti

*

Rano, Yuli 2004

Kawu Malam,

Salam. Ina fatan kowa lafiya. Murar ta tafi, wani abin ya maye gurbinta.

"Irin wurin da kuke." Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Wane iri ne wurin da muke, Allah gafarta Malam? Gidan giya ne ko dandali? Bara da aka shigo Kibiya kamfen da lasifikoki kamar rumbuna, ana wasa mutanen da kowa ya san halinsu, samari na rawa a kan mota, ban ji wanda ya yi tari ba. Amma mai kalangun mahauta ya tura kalangunsa ƙarƙashin gado kamar kayan sata, don tsoron bakin mutane. Kiɗa in ya hau mota mai tuta ya tsarkaka, in ya rataya a kafaɗar talaka sai kowa ya tuno da karatunsa. Na saba jin wannan a bakin masu sabon gemu. Ban zaci zan karanta shi da rubutunka ba.

Kawu Lado ya tsufa yana tayar da gayya, bai taɓa rasa sahun asuba ba. Rabin hatsin da aka ci a zaurenka da gangarsa aka nome shi. Yau ita ce abin kunya? Ko jira kake gara ta yi maka aikin da kake nauyin yi da hannunka?

Na kai wa Malama takardar ina huci. Ka san abin da ta yi? Ta karanta, ta ninke, ta tambaye ni ko na kai ƙarshenta. Ta ce mai cewa bayani yana biye bai rufe ƙofa ba. Na ce ba ta san malaman ƙauyenmu ba. Ta ce haka ne, ni ma kuma da alama ban gama saninsu ba, in je in taya Ishiyaku daka. Ba ta taɓa ɗaga murya, shi ya sa faɗa da ita ba daɗi, kamar ka naushi buhun auduga.

Jiya ta sa mu muka zauna shiru muna jin ruwa a kan kwanon sito. Da ya tsagaita ta ɗaga yatsa, kowa ya shiga da ɗigo ɗaya, ba mai hawa kan wani. Mutumin Jos, mai ƙaton kakakin Turawa, wanda zai iya rushe bango da shi, iska kawai ya hura. Da kana nan da ka ga ladabi, ko a makarantarka sai haka.

Ka riƙe gangarka. Gwadabe ya san wani a Madachi da zai ba mu aro.

Zakiyyu

*

Rano, Agusta 2004

Zuwa ga Kawu Malam Datti.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar gwiwa da mutanen gida. Kasuwa ta ci ta sake ci ban ga takardarka ba. In fushi ne, ka yi shi a rubuce, na fi iya ɗauka. Ni lafiya, sai tafin hannu da ya yi kanta, ga kuma dalili.

Gangar Madachi ta zo. Ba ta kai ta Kawu Lado ba, muryarta siririya ce, amma ganga ce. Sito yana haɗiye ta, sai Malama ta ce mu fita fili da ita da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Ta ce in ba ta abin da ya fi ƙarfi a hannuna. Ban yi dogon tunani ba na saki kiran gayya, wanda Kawu Lado ke yi a bakin gari. Na san kira ne, amma na ce a raina nan Rano ce, gari mai janareta da gidan kallon ƙwallo, wa ya tuna? Ishiyaku ya shimfiɗa mini wani sauti mai kauri a ƙasa, mai sarewa ya hau sama, ni kuma na rufe ido ina dukan fata. Wallahi ya yi daɗi.

Da na buɗe ido sai na ga mutane a bakin shinge, kowa da fartanya a kafaɗa. Wasu na tahowa ta hanyar Madachi, har da masu sassarfa, ƙafafu duk taɓo. Wani dattijo ya matso, ya dubi fiyano, ya dubi wayoyi, ya dube ni.

"Gonar wa?"

Na waiwaya ina neman wanda yake wa magana.

"Yaro, da kai nake. Gonar wa za a yi?"

Na ce babu gona, Baba, gwaji muke yi.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce maiwarsa ya bari cikin ciyawa ya taho, domin rabonsu da jin wannan kiran tun mutuwar makaɗinsu, ya ɗauka wani ne ciwo ya kwantar ko wata ce ta rasa miji. Ya nuna mini wani da ya kwance shanun huɗa ya ɗaure a bishiya, da wani da ya bar taki a buɗe. Sannan ya ce, "Gobe in mai gaskiya ya kira, wa zai fito?" 

Sai ga Malama. Ta cire takalmi, ta durƙusa a taɓo ta gaishe su. Ta ce ita ta sa a kaɗa, laifin nata ne, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Ta tambaya ko akwai wanda gonarsa ta fi ƙarfinsa a kusa. Suka dubi juna, suka ce akwai wani da maciji ya sara, yana kwance, gonarsa ga ta nan jikin katangar sito. Ta ce to ganga ba ta yi ƙarya ba, gonar ce muka makara sani. Ta rufe aikin ranar, ta kora mu gonar gaba ɗaya. Gwadabe ya tuna mata dokar fita, ta ce inda inuwar sito ke kaiwa cikin sito ne.

Ishiyaku ya shiga da takalminsa, ya sare gero ya bar ciyawa, aka mayar da shi ɗaukar ruwa. Ya ce a ɗauko rikoda, wannan ai abin ɗauka ne. Malama ta ce a'a, mutanen nan ba don a ɗauke su suka zo ba. Ni kuma aka ce in tsaya a bayansu da ganga, tun da ni na tara su. Na bi su daga wannan kunyar gona zuwa waccan har la'asar. Abin da na ji ba zan iya rubuta shi ba. Fartanyu na sauka tare, numfashi na fita tare, in na ja da baya su ja, in na matsa su matsa, wanda ya gaji in sa masa takensa ya miƙe. Na yi shekaru ina jin wannan a bayan Kawu Lado, ban taɓa jin sa daga inda yake tsayawa ba.

Da aka gama dattijon ya ce hannuna da kyau, amma kada su sake jin gangar nan a sito. Malama ta mayar da ita Madachi washegari da goro. Gurbina yana nan wayam.

Na fara zargin abin da kake nufi da layin nan na "irin wurin da kuke." Ban ce na janye komai ba, maganar kamfen tana nan daram. Ka dai rubuto.

Naka,
Zakiyyu

*

Kahu, Agusta 2004

Zuwa ga ɗana Zakiyyu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Allah ya ba wanda maciji ya sara lafiya. Hannu kuwa ka shafa man kaɗanya.

Ba fushi ba ne. Ruwa ya cinye hanya a rafi, motar Muhammad Sani ta kafe a ciki, bayanin da na rubuta maka ya jiƙe ya zama kunu. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Da na karanta ta farko sai da na tashi na sake alwala. Ta biyu kuwa ta hutar da ni, domin dattijon nan ya riga ya faɗa maka abin da na cika shafi da shi, kuma ya fi ni iya taƙaitawa. Gangar noma kira ce. Ba a kaɗa ta inda babu gona, ko a sito ko a fada. Da a harabar masallaci kuka taru da amsata ɗaya ce. Zancen halal da haram kai ka kawo shi, ni ban ɗauko ba. Malamai sun yi saɓani, ina da tawa fahimtar, tuwon gayya kuma na ci, ban musa ba. Gara kuwa ba ta taɓa ta ba. Duk Juma'a ni nake sauke ta in kakkaɓe.

Malamar taku, ka gaishe ta da kyau. Wanda zai ɗauki laifin na ƙasa da shi a gaban jama'a, ya kuma san abin da ba a ɗauka a rikoda, ya isa a zauna a gabansa. Na yi murna da ka faɗa hannunta.

Yanzu ka saurara, kada ka tsaya a rabin takarda. Gaskiya ne Yaya Lado ya ce kai ne magajinsa, ni shaida ne. Amma gangar noma ba a gadonta da baki, haka muka taras, magada kuma sun bar ta a kan al'ada. Tana zama ta wanda ya fara tayar da gayya da ita bayan mai ita, ya kuma tsaya a bayan manoma har kunyar ƙarshe. Shi ma a haka ya same ta.

Gonar Ramlatu ba a yi mata maimai ba, ciyawa ta kai gwiwa, ba namiji a gidanta. Dattawa sun sa gayya ranar Asabar mai zuwa. Alu na Kibiya ya zo har zaure ya nemi a ba shi ya kaɗa. Hannunsa ba laifi, kuma ya yi ladabi. Na ce ya dakata. Muhammad Sani ya gaya mini ranar ce kuke rufewa, na koma wajen dattawa na nemi a matsa, suka ce kowa ya riga ya ajiye aikinsa don wannan rana, geron kuma in ya ƙara mako sai dai a yi wa ciyawa girbi. Ban ga laifinsu ba.

In rana ta fito ranar Asabar kana bakin gari, a hannunka zan sa ta. In ba ka nan, zan ba Alu, ta zama tasa, kuma ba zan yi maka ƙorafi ba, domin abin da kuke yi a can ma aiki ne, ka kuma yi musu alkawari. Ba zan zaɓa maka ba.

Allah ya yi maka jagora.
Kawunka Datti

*

Rano, Laraba

Kawu Malam,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin sauƙin gwiwa. Mutumin macijin ya fara takawa. Na isar da gaisuwarka ga Malama, ta amsa, ta ce a roƙa mata addu'a. Maganar gara, ka yafe mini.

Na je wajenta da dabara. Na ce ta ba ni rabin yini kawai, in kaɗa gayya da safe in hau mashin in dawo kafin baƙi su zauna. Ta ce gayya ba ta tashi da agogo, ni da kaina na gani. Ta ce kuma mutumin Jos matarsa ta haihu yana nan, bai je suna ba, da wane ido za ta dube shi? Na yi mata ruwan magana, har na ce dokarta ta fi ta soja, na ce inuwar sito ai takan yi tsawo in ta ga dama. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kai har ƙarshe. Rabi a nan rabi a can ne ba zan karɓa ba, su ma can ba za su karɓa ba."

Har yanzu ina jin haushinta. Na kuma laluba ta ko'ina ban ga inda ta karkace ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Yau da safe na ce su gwada kiɗan ba ni, in ji. Na zauna a kan buhu a bakin ƙofa. Da aka zo gurbina ba ta cika shi da fiyano ba. Ta sa mata biyu a turmi ɗaya suna lugude, Gwadabe na jan tsirkiya ɗaya tak a ƙarƙashinsu, mai sarewa ya yi shiru. Kawu, na so a ce ya gurgunce. Bai gurgunce ba. Ya yi kyau har na ji kamar in fasa wani abu. Mutanen nan za su yi abin da za a daɗe ana saurare, kuma ba za a ji hannuna a ciki ba. Ƙwaryar tururuwa na bar wa Ishiyaku, na nuna masa inda wayar ke kwancewa. Ya rungume ni har ya taka ni da kwalekwalen nasa.

Muhammad Sani zai biyo ta nan ranar Juma'a bayan an sauko, in hanya ta yarda. In ba ta yarda ba ƙafa tana nan. Ka sa a sauke gangar tun gobe a jingine ta a ɗakin girkin Gwaggo Ramlatu, ta sha ɗumi, fata ba ta son sanyin nan. Kada a matsa da ita kusa da murhu, kada kuma kowa ya taɓa tsirkiyar, ni zan ja ta da kaina.

Alu kuma ka gaishe shi, ka ce ya zo da fartanya.

Ɗanka,
Zakiyyu